Neman Shawara ta Waya: Abin da Za Mu Sa Rai, da Abin da Ya Rage a Wuyanmu

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18, Afisawa 6:21-22, 2 Yohanna 12



Akwai tambayar da ta daɗe tana yawo a tsakanin matasanmu. Ba kasafai ake yin ta a tsakiyar taron zumunta ba, sai an tashi ake jan fasto ko wani dattijo gefe. Tambayar ita ce: ko ya dace mai bi ya ɗauki waya ya zayyana wa wanda bai taɓa gani ba damuwar da take cin ransa? In kuwa ya dace, me zai tarar idan ya kira?

Ra'ayinmu shi ne ya dace, kuma babu abin kunya a ciki. Ƙwararren mai ba da shawara da ke Kano ko Jos ko Abuja yana iya zama hanyar da Ubangiji zai bi ya ɗaga wanda ya durƙushe a Surko. Amma murya daga nesa tana da iyakar abin da za ta iya yi. Wanda ya san iyakar nan tun farko zai amfana. Wanda bai sani ba, ko dai ya yi fushi ya bari tun a zama na biyu, ko ya faɗa hannun mayaudara, ko ya tsaya riƙe da waya a lokacin da ya kamata a ce yana kan hanyar asibiti. Abin da ya rage bayan waya ta yi nata kuwa, aikin ikilisiya ne.

Me ya sa matasanmu suke komawa ga waya?

Mun san nauyin da matasan yankinmu suke ɗauke da shi. Wani ya gama makaranta shekara uku babu aiki, ya koma gona, kuɗin taki ya fi ƙarfinsa. Wata ta zauna jarrabawar JAMB sau biyu, tsaranta sun wuce sun bar ta. Wani ya fara shan tiramadol don ya jure aikin gona ko acaɓa, yanzu ƙwayar ce take juya shi. Ambaliyar 2022 ta cinye gidaje da gonaki a sassa da yawa na Jigawa. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, mutane fiye da 150 suka rasu. Irin wannan gani ba ya fita daga idon mutum da wuri.

Ina mutum zai kai wannan nauyi? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya duka, bisa abin da ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su kai 300 ba, alhali mun wuce mutum miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na jiharmu yana Kazaure. Mutumin Birnin Kudu ko Gwaram sai ya ratsa Kano kafin ya kai can. Ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, na mara lafiya da na mai rakiya, ga yinin aiki da ya tafi.

Sai kuma maganar kunya. A garuruwanmu kowa ya san kowa, balle mu masu bi da muke 'yan kaɗan. Yarinyar da aka gani sau ɗaya a layin likitan ƙwaƙwalwa tana tsoron kada maganar ta biyo ta har ranar da za a zo neman aurenta. A ikilisiyoyi da yawa kuma asiri ba ya kwana. Abin da aka faɗa don a yi addu'a ranar Laraba, kafin Lahadi ya zama hirar bakin rijiya. Saboda haka idan matashi ya ji akwai wanda zai saurare shi ba tare da ya san gidansu ba, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta karkata can.

Ƙasar ma ta fara canja ido a kan wannan. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958 da take kallon mara lafiya a matsayin mahaukacin da za a kulle. Sabuwar dokar ta amince cewa mai irin wannan ciwo yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, a kuma riƙe asirinsa.

"Ashe addu'a ba ta isa ba?"

Wannan ita ce tambayar da iyayenmu za su fara yi, kuma bai kamata mu raina ta ba, domin daga bangaskiya take fitowa. Mu duba yadda Allah kansa ya bi da bawansa Iliya.

Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel. Ba a daɗe ba Yezebel ta aiko masa da barazana, ya gudu, ya bar baransa a Biyarsheba, ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Wannan fa annabi ne, mutumin addu'a. Me Ubangiji ya yi? Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya sāke barinsa ya kwanta, ya sāke ciyar da shi. A Horeb ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurari kukansa har ƙarshe. Ya sāke tambayarsa, Iliya ya maimaita kukan nan kamar yadda ya yi da farko, Ubangiji ya sāke saurara. Bayan haka ne ya gyara masa tunani. Iliya ya ɗauka shi kaɗai ya rage, Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya ba shi aikin da zai tashi ya yi, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

Barci, abinci, tambaya, saurare, gyaran tunanin da ya karkace, aikin yi, abokin tafiya. Mai ba da shawara na kirki, a waya ko a ofis, ta waɗannan hanyoyi yake bi. Lokacin da Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, annabi Ishaya ne da kansa ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Ba mu taɓa cewa wanda ya kai ɗansa mai zazzaɓi asibiti ya rasa bangaskiya ba. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce a jiki, takan gaji, takan yi ciwo. Muna addu'a, muna kuma neman taimako, Mai warkarwa dai ɗaya ne.

Abin da muke tsoro shi ne a fake da addu'a a wulaƙanta mara lafiya. A watan Nuwamba na 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ana ɗaure dubban masu ciwon ƙwaƙwalwa da sarƙa a Najeriya, a asibitoci, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Kirista da na Musulmi. Kada a taɓa jin an yi wannan da sunan Yesu a tsakaninmu.

Abin da za ka tarar idan ka kira

Da farko ka san da wa kake magana, domin ba duka ɗaya ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, shi ne yake gano ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam da ya ƙware a jinya, magani yake yi ta hanyar magana da horar da tunani, ba ya rubuta ƙwaya. Mai ba da shawara yana taimako a kan matsalolin rayuwa, kamar aure, makoki, karatu da zaɓin sana'a. Akwai kuma masu aikin sa kai da suke amsa layukan gaggawa, aikinsu su saurare ka su kwantar maka da hankali su nuna maka inda za ka je. A Najeriya akwai ƙungiyoyi irin su MANI da She Writes Woman, waɗanda aka kafa a 2016, da SURPIN da ta fara daga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2017 don hana kashe kai. Hukumar NDLEA ma tana da layin kyauta na masu fama da shaye-shaye da iyalansu.

Zaman farko galibi tambayoyi ne. Za a tambaye ka barcinka, cin abincinka, abin da kake sha, wanda kake zama da shi, ciwon da ka taɓa yi. Wataƙila a bi da kai ta wasu tambayoyi tara a kan yadda ka kasance cikin makonni biyu da suka wuce, waɗanda ake auna ciwon damuwa da su a ƙasashe da yawa. Za a tambaye ka kai tsaye ko ka taɓa tunanin kashe kanka. Kada ka ji haushi, kowa ake yi wa. Za a nemi sanin garin da kake da lambar wani naka da za a kira in ta ɓaci. Wanda bai nemi wannan ba, aikinsa da saura.

Zama ɗaya yakan kai minti 45 zuwa awa guda, galibi sau ɗaya a mako. Hanyar da aka fi amfani da ita, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya shimfiɗa a shekarun 1960, tana koya wa mutum ya lura da tunanin da yake jefa shi cikin baƙin ciki ko fargaba, ya auna shi ya ga ko gaskiya ne, ya kuma canja abin da yake yi. Takan ɗauki zama shida zuwa ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wata gajeriyar hanya ta zama biyar, wadda aka gwada a Pakistan da Kenya. Bincike da dama, musamman tun zamanin korona a 2020, sun nuna cewa ga ciwon damuwa da fargaba da ba su yi tsanani ba, irin wannan jinya ta bidiyo tana ba da sakamako kusan daidai da ta gaba da gaba.

Kada ka sa rai za a yanke maka hukunci kamar yadda dattijo yake yi. A ce wata 'yar'uwa ta kira tana so a faɗa mata ta auri wane ko ta ƙi. Ƙwararre ba zai zaɓa mata ba. Zai yi ta yi mata tambayoyi har ita da kanta ta ga abin da take tsoro da abin da take so. Karin Magana 20:5 ta kwatanta nufin zuciyar mutum da ruwa mai zurfi, wanda mai fahimi ne yake iya jawo shi. Aikin ke nan, zura guga.

Za a ba ka aikin gida. Wataƙila ka riƙa rubuta tunanin da yake zo maka da dare, ko ka tashi a lokaci ɗaya kullum, ko ka koma ƙungiyar mawaƙa da ka daina zuwa ko da ba ka jin daɗi. Mako yana da awa 168, guda ɗaya ce kawai ta waya. A sauran ne canjin yake faruwa. Ka kuma sani, a makonnin farko wani yakan ji kamar abin ya ƙaru, domin an taɓa miki da aka daɗe da rufewa. Ka faɗa wa mai ba ka shawara, kada ka ɓace. Idan likita ya sa ka a magani, maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a fara jin aikinsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya sai da sanin likita. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuwa bayan zama uku ko huɗu ka ga jininku bai haɗu ba, kana da 'yancin neman wani.

Harshe da bangaskiya

Mafi yawan masu wannan aiki ta intanet da Turanci suke yi. Mu kuwa da Hausa muke kuka. Bahaushe ba ya cika cewa yana da ciwon damuwa. Cewa yake yi tunani ya yi masa yawa, ko kansa yana zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu yana yawo a jikinsa. Wanda bai san mu ba zai iya ɗauka zazzaɓi ne. Saboda haka ka tambaya tun farko ko akwai mai jin Hausa. Ka kuma bayyana masa yadda gidanku yake. Wanda ya ce wa yarinya 'yar Surko ta kama hayar ɗaki ta zauna ita kaɗai don ta huta da mutanen gida, bai san inda take ba.

Ka faɗa masa kai Kirista ne, kuma bangaskiyarka tana tsakiyar rayuwarka. Ba dole ba ne ya zama mai bi kafin ya taimake ka. A asibitocinmu likitoci Musulmi suna duba mu, muna kuma gode wa Allah dominsu. Ƙa'idar aikinsa ta hana shi jan ka daga addininka, ta kuma hana shi yi maka ba'a a kai. Idan ya fara nuna maka cewa addu'a wauta ce, ka bar shi. Idan kuma ya ce wani abu da ya daure maka kai game da laifi ko gafara ko biyayya ga iyaye, ka kawo mu duba tare a hasken Maganar Allah. Wani lokaci za ka ga abin da ka ɗauka muryar Allah ce mai hukunta ka, ashe muryar ciwo ce. Ruhu Mai Tsarki yakan nuna zunubi takamaimai ya kai mutum ga tuba da salama. Ciwon damuwa kuwa cewa yake yi kai gaba ɗaya ba ka da amfani, ba ya kuma nuna ƙofar fita.

Asiri

Ƙwararre yana riƙe asirinka. Zai faɗa maka tun farko inda alkawarin ya tsaya: in ya ga ranka ko na wani yana cikin hatsari, ko ana cutar da yaro, zai nemi taimako ko ba ka so. Wannan domin kiyaye rai ne.

Amma shi mutum daban, manhajar da kuke magana a kanta daban. A 2023 wani babban kamfanin ba da shawara ta intanet a Amurka, BetterHelp, ya amince ya biya dala miliyan 7.8 bayan hukumar kasuwanci ta ƙasar ta zarge shi da miƙa bayanan masu neman taimako ga kamfanoni irin su Facebook da Snapchat domin talla. A watan Yuni na 2023 Najeriya ta samu dokar kare bayanan mutane, wadda ta ba ka 'yancin sanin abin da ake yi da bayananka. Ka tambaya: ana naɗar muryata? Wa yake ganin abin da aka rubuta a kaina? Magana zarar bunu ce.

Babban hatsarin ma yana cikin gida. Wayoyinmu da yawa na tarayya ne, ƙane ya ɗauka, miji ya duba, a bar ta a shagon caji yini guda. Ka sa wa wayarka makulli. Abin da ya yi nauyi ka faɗe shi da baki, ya fi ka rubuta shi a WhatsApp. Ka nemi wurin da ba za a ji ka ba, ka sa abin kunne. Bidiyo yana cin data, kuma sabis yakan yanke, musamman da damina. Ku shirya tun farko cewa in ya yanke za ku koma kiran murya, kuma wa zai kira wa.

Yadda za a gane na jabu

Kowa yana iya buɗe shafi ya sa farar riga ya kira kansa dokta. Ka tambayi cikakken sunansa, inda ya yi karatu, da inda yake aiki. Likita yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ma'aikacin jinya kuma yana da tasa hukumar. Na gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya. Ka san kuɗin zama da tsawonsa kafin ka tura ko sisi.

Ka gudu daga wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, da wanda yake sayar maka da magani daga hannunsa bai duba ka ba, da wanda ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin katinka. 'Yan'uwa mata, wanda ya fara kiranki da tsakar dare, yana yabon muryarki, yana neman hotonki, ya fita daga aikin da kika zo nema. Ki yanke, ki faɗa wa wata babba da kika amince da ita. Haka kuma mu yi hankali da masu kiran kansu annabawa a Facebook da TikTok, waɗanda suke cewa a tura kuɗi kafin su karya abin da aka yi maka, ko su ce mahaifiyarka ce take bin ka. Duk wanda yake raba ka da danginka da ikilisiyarka don ka dogara da shi kaɗai, kerkeci ne.

Wasu kuma sun koma faɗa wa ƙirƙirarriyar basira damuwarsu, irin ChatGPT ko wadda take cikin WhatsApp. Tana iya taimaka maka ka tsara tunaninka ko ka fahimci wata kalma. Amma takan yi kuskure, tana kuma da saurin goyon bayan abin da ka zo da shi. Ba ta ganin ka rame, ba za ta ɗauki alhakinka ba.

Inda waya ba ta kaiwa

Labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai yanayin da mutum yake bukatar a gan shi, a taɓa shi, a auna jininsa. Idan ɗan'uwa yana maganar kashe kansa, ko ya fara rabon kayansa yana sallama. Idan yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ya tabbata ana bin sa za a kashe shi. Idan ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da ɓarnar kuɗi. Idan mai jego ta rikice bayan haihuwa, ba ta gane mutane ko tana tsoron jaririnta. Idan mai shan ƙwaya ya fara faɗuwa yana jijjiga. Idan ana dukan mace ko yaro a gida. A irin waɗannan, a ajiye maganar zaman mako mai zuwa. Kada a bar mutumin shi kaɗai. A kulle maganin feshi da na ƙwari da sauran abin da zai iya cutar da kansa da shi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da maganin gona suke yi, kuma irin wannan tunani sau da yawa yakan lafa in aka tsallake sa'o'in farko. A kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibiti mafi kusa. Likitoci za su duba shi, in ya kama su tura shi Dutse, ko Kazaure, ko asibitin Malam Aminu Kano, ko Dawanau. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ba ta sa masa tunanin. Sau da yawa sauƙi take kawo masa, ya ga akwai wanda ya lura.

Wasiƙa da mai kawo ta

Taimako daga nesa ba baƙon abu ba ne a ikilisiya. Kaso mai yawa na Sabon Alkawari wasiƙu ne, ta'aziyya da gargaɗi da aka aika wa mutanen da marubucin ba ya ganinsu. Bulus yana kurkuku yana ƙarfafa Timoti mai fama da tsoro da ciwon ciki. Amma mu lura da abu biyu. Da Bulus ya rubuta wa Afisawa da Kolosiyawa, ya haɗa wasiƙar da mutum, Tikikus, ya kuma ce ya aiko shi ne musamman don ya ƙarfafa zukatansu. Manzo Yohanna kuma, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu da ta uku, ya nuna akwai sauran magana da yawa da bai so ya yi da takarda da tawada ba, ya fi so ya zo su gana ido da ido. Manzannin sun yi amfani da hanyar nesa, sun kuma san ba ta wadatar ba. Mai ba da shawara ta waya kamar wasiƙar nan yake. Mu ne Tikikus.

Masana ma sun ga haka. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta zo koyo a wurinsa, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu yawan tunani, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi sosai. Zumuntar mata da ta matasa suna da benci, suna da kunne. Abin da suke bukata shi ne horo da riƙon asiri.

Ga abin da muke roƙon kowace ikilisiya a Birnin Kudu da Gwaram ta yi tunani a kai. A ware ɗaki ɗaya a majami'a, ko ofishin fasto, awa biyu a mako, inda mutum zai shiga ya yi kiransa ba wanda zai tambaye shi da wa ya yi magana. A sa ɗan abu a asusun zumunta don data da kuɗin mota zuwa asibiti. A zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya masu kamun baki, waɗanda za a iya ba da lambarsu a matsayin wanda za a kira in ta ɓaci. A daina ambaton sunan mutum da ciwonsa a roƙon addu'a sai da izininsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa matasa da iyaye bayani da Hausa.

Ga kowannenmu kuma: in ka san ɗan'uwanka yana neman taimako ta waya, kada ka ce ai ya samu mai kula da shi. Ka je gidansu. Ka ja shi zuwa gona, ku ci tuwo tare, ka zo ka ɗauke shi ranar Lahadi. Abokan Ayuba sun fi taimakonsa a kwana bakwai da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Ubangijinmu ma a Getsamani, da ransa ya yi nauyi ƙwarai, ya nemi Bitrus da Yaƙub da Yohanna su zauna kusa da shi. Galatiyawa 6:2 ta ɗora mana ɗaukar nauyin juna, kuma zumunta a ƙafa take.

Kai kuma da kake ɗauke da abin da ba ka faɗa wa kowa ba, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, Ubangiji bai gaji da kai ba. Ka kira ƙwararre in hakan ya fi maka sauƙi. Amma ka bar mutum ɗaya a kusa ya sani.

Don tattaunawa a taron wannan mako: Me yake hana mu faɗa wa juna damuwarmu? In wani ya ce maka ya gaji da rayuwa a daren yau, wa za ka kira, kuma ina za ku kai shi?

Addu'a: Ya Uba mai jinƙai, kai da ka ciyar da Iliya ka kuma saurare shi, ka dubi matasanmu da tunani ya danne. Ka haɗa su da masu taimako na gaskiya, ka tsare su daga mayaudara. Ka albarkaci likitoci da ma'aikatan jinya da masu ba da shawara, na kusa da na nesa. Ka ba mu kunnen saurare, da bakin riƙon asiri, da ƙafar zuwa gidan ɗan'uwa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.